Yadda Na-Sani Ya Juya Asibiti

A wani ofishin masu zanen gine-gine da ke saman kantin fenti, an yi wani mutum da ake kira Na-Sani. Ba daga gida ya zo da sunan ba, a ofis ya same shi, domin ba a taɓa fara yi masa bayani an kai ƙarshe ba. Da ka buɗe baki zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na sani." Ranar da aka hau aka gaya masa tayar motarsa ta sace, abin da ya fara cewa ke nan, sannan ya tambaya wace taya.

Mai ofishin mace ce da kowa ke kira Shugaba, kuma yayar matarsa ce, abin da ya sa wasu ke ganin ba sai an yi dogon bincike kan yadda ya samu aikin ba. Akwai Baba Injiniya, dattijo mai lissafin ginshiƙai da ƙarafa, wanda ba ya son a taɓa masa ko biro. Akwai kuma injiniyar ruwa da ake kira Mai Bututu, mace mai kaifin baki.

A ofishin ba a zana gini layi-layi kamar dā. Manhajar da suke aiki da ita gina ginin take yi sukutum a cikin kwamfuta. Bango ya san shi bango ne, ƙofa ta san bangon da take jiki, in ka matsar da bangon sai ta bi shi. Kowa yana aiki a kan kwafinsa, in ya gama ya tura cikin wani babban fayil da suke kira uwa. Abin da ya shiga uwa ya shiga aikin kowa. Shi ya sa ake da mutum guda mai kula da ita, wanda sai da izininsa ake manyan canje-canje. Wanda ke riƙe da muƙamin ya samu wani aiki ya tafi, Na-Sani kuwa ya ƙwallafa rai. Har ya riga ya shaida wa mai kantin fenti cewa magana ta ƙare, sanarwa kawai ake jira.

Ana cikin haka wata likitar haƙori da suke zana wa sabon asibiti ta zo duba aiki. Aka shigar da ita ɗakin cire haƙori a kan allo. Ta dubi doguwar kujerar da marasa lafiya za su kwanta, ta ɓata fuska.

"Mutum ya zo da kumburarren kunci, ku kwantar da shi yana kallon kabad ɗin allurai da filaya? Kafin in sa safar hannu ya gudu. Ga taga can ta kudu, ga bishiyoyi a waje. Ku juya mini kujerar ta kalli tagar."

"Ƙaramin abu ne, Likita," in ji Shugaba. "Ki dawo gobe da safe da ɗan kwangilarki, mu rufe maganar."

Likita na fita Na-Sani ya miƙe. "Yaya, bar mini wannan."

"A ofis muke."

"Shugaba, bar mini. Ni zan juya ta, ni zan nuna wa Likita da kaina. Kafin shayina ya huce an gama."

Shugaba ta dube shi na ɗan lokaci, irin kallon da ake yi wa tulun da ake zargin yana yoyo. "Kujerar za ka juya. Kujerar kawai. In aikin ya fita tsaf a gaban Likita, za mu yi maganar kula da uwa." Ta ɗauki hular kwanonta ta tafi wani wurin gini da za ta yini.

Na-Sani ya naɗe hannun riga ya ce wa ɗakin gaba ɗaya, "Ku lura da kyau, ba na maimaita darasi."

Ya danna kujerar ta yi shuɗi. Ya danna alamar juyawa. Wani ɗan akwatin saƙo ya fito a tsakiyar allo, ya rufe shi tun kafin ya gama fitowa. Ya sake dannawa, akwatin ya dawo, ya sake rufewa. Kujera ko gezau.

"Me ya ce?" in ji Mai Bututu, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Gaisuwa ce."

"Karanta mana gaisuwar mu amsa."

Bai kula ta ba. Ya ce linzamin kwamfutarsa ne ya tsufa, ya je ya zare na Baba Injiniya alhali hannun dattijon na kai. Da wannan ma bai yi ba, ya kashe kwamfutar ya kunna, ya hura iska cikin allon madannai, ya danna alamar da yatsa biyu. Shayi ya huce har ya yi yana a sama.

Mai Bututu ta gaji da jin ƙarar danne-danne, ta taso ta riƙe masa hannu har saƙon ya tsaya ta karanta.

"Ya ce kujerar a jikin bango aka ƙera ta, ba ta juyawa sai da bangon. Wanda ya haɗa ta ya ɗaure ta da bango ne saboda bututunta. Sai ka buɗe ta ka sake ƙera ta a matsayin mai zama a daɓe. Aiki ne mai gundura, zai cinye maka yammar nan, amma shi ke nan maganin."

"Aikin kafinta," in ji Na-Sani. "Ni in zauna ina ƙera kujera? Ke dai kin saba da hanyar kwata, ko'ina sai kin bi ta ƙarƙashin ƙasa. Akwai gajeriyar hanya, masu ido ke ganinta."

"Allah ya ƙara ido," ta ce, ta koma wurinta.

Ya shiga tona bayanan kujerar har ya ci karo da wani ɗan gurbi da aka yi wa maki, an rubuta cewa abin ya kasance a tsaye kullum. Ya buga tebur. "Ga ɓarawon!" Ya cire makin, ya danna juyawa. Sai ga kujera ta juya. Amma ba hagu ta yi ba, ba dama ba. Kamar hannun agogo ta zagaya a jikin bangon, wurin ɗora ƙafa ya taɓo silin, wurin ɗora kai ya sauka daɓe.

Baba Injiniya ya zo karɓar linzaminsa, ya gyara tabarau ya duba. "To, madalla. Wannan ai ba sai Likita ta wahala ba. A rataye mutum haka, haƙorin da kansa zai faɗo."

"Baba, ta motsa ko ba ta motsa ba?"

"Ta motsa."

"To a yi mini shiru."

Ya jira suka kau da kai ya mayar da makin a hankali, kujera ta koma yadda take. Ya zauna yana kaɗa ƙafa. Can sai fuskarsa ta washe.

"Saƙon cewa ya yi ba ta juyawa sai da bangon. To wa ya ce bango ba ya juyawa?"

Ya kama bangon ya murɗa shi. Kujera ta bi shi ɗoki-ɗoki ta fuskanci taga. Na-Sani ya tafa wa kansa. Sai dai bangon yanzu ya tsaya a tsakiyar ɗaki kamar ƙyauren da aka bari a buɗe, wurin da ya baro kuma ya zama wawakeken giɓi da ya leƙa cikin ban-ɗakin da ke maƙwabtaka.

Mai Bututu ta leƙo ta kafaɗarsa. "Ka kyauta. Ana cire wa mutum haƙori yana gaisawa da wanda ke tsugune."

"Ƙananan gyare-gyare ne suka rage."

Ya juya bangon da ke kusa don ya tari na farko. Na ukun ya rabu da su, shi ma ya juya shi. Kafin a jima ɗakin ya kwanta a gicciye ya toshe barandar ciki. Ya juya barandar. Matakala ta tashi daga ƙasa ta hau ta ƙare a jikin bango. Ƙofar ɗakin magani ta rasa bangon da za ta jingina da shi ta ɓace. Saƙonnin gargaɗi suka yi ta taruwa a gefen allo, yana kore su kamar mai korar ƙuda a kan abinci.

A daidai nan mai kantin fenti ya hauro gaishe da sabon mai muƙami. Ya tsaya a bayansa ya harɗe hannuwa yana gyaɗa kai.

"Ranka ya daɗe, aiki ya yi kyau. Irin na ƙasashen waje ke nan?"

"Ka gani ko? Kai ka gane."

"Na gane mana. Wannan gini zai sha fenti, kusurwa ta yi masa yawa. Kada a manta da ni."

Lokacin tashi ya yi. Baba Injiniya ya tura aikinsa cikin uwa, ya kulle aljihun teburinsa, ya tsaya a bakin ƙofa. "Ginshiƙaina duk na kafe su da fil. Fil ɗin nan don kada su motsa aka sa shi. Kada ka taɓa."

"Na sani, Baba."

Mai Bututu ta rataya jakarta. "Duk haukan da za ka yi, ka yi shi a kwafinka. Kada ka tura cikin uwa."

"Na sani."

Suna sauka ya rufe kwafin da ya dagula ba tare da ya ajiye ba, ya buɗe sabo daga uwa. Ya riga ya gano inda kowa ya yi kuskure, har da shi kansa ɗazu. Ana ta juya gini gutsure-gutsure, shi ya sa yake rabuwa. Babban mutum gaba ɗaya yake juya abu.

Taswirar fuloti da bututun ruwa kowanne fayil ɗinsa daban ne, jingina su kawai ake yi da ginin a gani. Suna cika masa ido, sai ya ɓoye su. Ya zagaye asibitin duka ya zaɓe shi, tun daga tushe har rufi. Ginshiƙan Baba suka ƙi biyowa. "Tsoho da tsoro," in ji shi, ya tsige fil ɗin gaba ɗaya da danni guda. Ya rubuta digiri casa'in. Manhajar ta tambaye shi ko ta goge ma'aunan da ba za su iya bin juyin ba. Ya ce goge. Ta sake tambaya ko ya tabbata. Ya ji haushin a ce na'ura na shakkarsa, ya danna da ƙarfi.

Kwamfuta ta yi dogon nishi, sannan asibiti ya juya a hankali ya zauna daram. Bango ya haɗu da bango, matakala ta kai inda aka aike ta, ƙofar ɗakin magani tana nan. Ya dubi kujerar daga sama, ya dubi kibiyar da ke nuna kusurwoyin duniya a gefen allo. Likita ta ce taga tana kudu. Kujera yanzu kudu take kallo. Magana ta ƙare.

Kwamfutar ɗakin taro daga uwa take karanta aiki. Don haka ya tura, ya kashe fitila, ya sauka yana fito.

Da safe ya zo da babbar riga da turare mai shiga ido. Shugaba ta shigo tare da Likita da ɗan kwangila, wani ƙaƙƙarfan mutum da jar ƙasa a takalmi, wanda ya riga ya haƙa ramin tushe a fulotin. Baba Injiniya da Mai Bututu ko kwamfutocinsu ba su kunna ba aka kira su ɗakin taro. Mai fenti ma ya biyo baya ya maƙale a bakin ƙofa.

Na-Sani ya kunna majigi ya yi gyaran murya. "Likita, abin da kika nema, akwai waɗanda suka ce sai an yi aikin kafinta. Ba zan kama suna ba. Ni dai na dubi matsalar daga sama."

Asibiti ya bayyana a kan farin bango, fes, yana shawagi cikin farin fili ba ƙasa ba sama. Ya zagaya da shi hagu, ya zagaya da shi dama.

"Ina titi?" in ji ɗan kwangila. "Ni daga titi nake gane gini."

"Titi ba ya cikin abin da aka tambaya."

"Kunna fuloti," in ji Shugaba.

Ya kunna.

Fulotin Likita dogo ne siriri, a kwance yake a gefen titi, haka kuma aka zana ginin ya bi shi. Yanzu ginin ya gitta. Ɗakin jira ya fita ya zauna a tsakiyar titi ya cinye hannu biyu. Ɗakin gwaje-gwaje ya tsallake katanga ya sauka a tsakar gidan maƙwabci. Babbar ƙofar shiga ta koma gefe, tana kallon wurin da aka ware wa janareto.

Ɗan kwangila ya miƙa hannunsa a kwance. "Ni na haƙa rami haka." Ya juya hannun. "Gini ya kwanta haka. Wanne zan bi?"

"Taswirar fulotin ce tsohuwa," in ji Na-Sani.

"Titin ne ya tashi da daddare?"

"Ba a nan matsalar take ba. Fulotin ma ana iya juya shi, abu ne mai sauƙi." Ya kai hannu kan linzami. Baba Injiniya, da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ya cafke wuyan hannunsa.

"Tunda ana kunne-kunne," in ji Mai Bututu, "a kunna mini bututuna."

Shugaba da kanta ta kunna. Bututu suka bayyana a inda ginin yake jiya, suna tsaye cikin iska kamar bishiyar da ta kaɗe ganye. Waɗanda suka yi sa'ar faɗawa cikin ginin sun fi muni. Babban bututun ban-ɗakin sama ya sauko ta tsakiyar teburin Likita.

"Ofishina ne wannan?" in ji Likita.

"Ana iya yi masa fenti ya saje," in ji mai fenti daga bakin ƙofa. Shugaba ta juya ta dube shi, ya tuna ya bar kanti ba kowa.

Baba Injiniya ya matsa kusa da farin bangon har inuwarsa ta rufe rabin asibitin. "Ina ma'aunaina? Nan akwai ma'auni, nan ma akwai. Ina fil ɗina?"

"Manhaja ce ta ce a goge."

"Ta ce, ko ta tambaya?"

"Baba, a irin wannan aiki dole a yi sadaukarwa."

"Da aikina? Yaro, tun kana cin tuwon makaranta nake tsayar da ginshiƙi, ba a taɓa kwana da su a kan titi ba sai yau."

"Ka ga dai duk sun tsaya. Ko ɗaya bai faɗi ba."

Likita ta ɗaga hannu kowa ya yi shiru. "Ni duk wannan ban gane shi ba, kuma ba na son in gane. Kujera na ce. Ku kai ni ɗakin."

Na-Sani ya farfaɗo. "Yauwa! Ga wadda ta san abin da ya kawo ta. Likita, ki manta da waje, waje na kowa ne. Ciki shi ne aiki." Ya fizgo linzami, ya shiga ta ƙofar asibitin, ya bi baranda, ya shiga ɗakin cire haƙori. "Yanzu zan kwantar da ke a kan kujerar, ki ga abin da mara lafiya zai gani da idonsa."

Ya danna. Farin bangon ya cika da kabad ɗin allurai da filaya, tun daga sama har ƙasa.

Likita ta matso tana ƙare wa kabad ɗin kallo.

"Ina tagar?" in ji Likita.

Ya karkata kallon a hankali. Taga tana gefen kujera, daidai inda take jiya, ko taƙi ba ta matso ba.

"Amma kudu take kallo," in ji Na-Sani. "Ga kibiya. Ku duba kibiya!"

"Kudu take kallo," in ji Mai Bututu. "Sai dai ka ɗauke tagar daga kudu ka kai ta gabas, ka kawo kabad ɗin ka ajiye a gurbinta. Tare ka juya su, gwani. Kamar wanda aka ce ya juya ya kalli ƙofar mota, sai ya sa direba ya yi kwana."

Ɗan kwangila ne ya fara dariya. Ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta ƙi, ta ɓarke masa har yana dukan tebur. Baba Injiniya bai yi dariya ba. Ya zauna ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga.

Likita ta tattara jakarta. "Shugaba, zan dawo in an mayar mini da asibiti cikin fulotina. Amma wannan bawan Allah kada ya sake taɓa shi." Ta tsaya a gaban Na-Sani. "Kai kuma in haƙorinka ya taɓa ciwo ka zo wurina, kyauta zan duba ka. Ina son in ga ka buɗe baki ba ka ce komai ba."

Da baƙi suka sauka, Shugaba ta zauna a gaban kwamfutar ɗakin taro. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa wa Mai Bututu kula da uwa nan take, ta roƙi Baba Injiniya ya yi haƙuri ya sake ɗora ma'aunansa. Sannan ta buɗe izinin Na-Sani a gabansa ta mayar da shi na kallo kawai. Zai iya buɗe kowane gini ya zagaya ya sha kallo. Ko ƙusa ba zai iya matsarwa ba.

"Har yaushe?" ya tambaya.

"Har ka koyi karanta saƙo zuwa ƙarshe."

Ya fita kan matakala ya gyara zaman babbar riga, ya kira matarsa da muryar da ya tabbata ta kai cikin ofis.

"Ke, taya ni murna. An ga aikin hannu ya yi mini kaɗan. Yanzu dubawa kawai nake yi, na ƙasa da ni ke taɓawa."

Matar ta ce, "Yaya ta kira ni tun ɗazu. Ta ce ko da wasa kada in sa ka gyara zaman kujerun falo. Gidan haya muke."